Ƙugiyar da Aka Bar wa Gwamna

Ranar Talata da hantsi wayar kwamisariya, ofishin 'yan sanda, ta yi ƙara. Insifekta Fahad na tsaka da cin ƙosai, ya goge yatsunsa a takardar da aka naɗo su, ya ɗauka.

Daga gidan gwamna ne. Mai maganar sai ƙasa-ƙasa yake yi da murya, kamar mai gulmar surukarsa tana bayan ƙyaure.

"Ka zo yanzu. Ba jiniya, ba kaki. Hatimin gwamna ya ɓace."

Wanda bai san aikin biro ba, wato aikin ofis, sai ya ce, a kan guntun katako da roba ake wannan raɗa? To, a kan guntun katakon nan jaha take tafiya. Takarda ta taso daga magajin gari, ta bi ta hannun prefe mai riƙe da gunduma, ta iso Zinder, ta hau tebur ta sauka tebur har gwamna ya sa mata hannu. In ba a ɗora mata hatimi ba, darajarta ɗaya da wadda aka naɗo ƙosan Insifekta.

Kuma ɓatan ya zaɓi rana. An canja gwamna daga Yamai, washegari tsohon zai miƙa wa sabon aiki a gaban jama'a, hatimi kuwa yana cikin abin da ake miƙawa hannu da hannu.

Fahad ya ɗauki mataimakiyarsa Birgadiye Ramlatu, suka tafi cikin kayan gida. Sirri ne, aka ce. Kafin su iso ƙofa, har masu kabu-kabun Zango sun ji sun ƙara gishiri.

Sakatare Janar ne ya tarbe su, wanda ma'aikata ke kira Es-Je. Gwamna baƙo ne, yau ya zo gobe ya tafi, amma Es-Je shi ne uwar gida, shi ya san inda kowace takarda ke kwana. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Insifekta, maganar ba ta da tsawo. Mabuɗin armuwar, kabad ɗin da ake kulle hatimai, a hannun mutum ɗaya yake, Madam Rahila. Gobe ba zan tsaya gaban gwamna biyu hannu banza ba. In ba hatimi, ita zan ba ka. A dakatar da ita, ta je ta yi wa alƙali bayani."

"Ba za a sassaƙa wani ba?"

"Sai an rubuta Yamai, Yamai ta yi tunani, ta sha shayi, ta amsa. Ka san Yamai."

Madam Rahila na zaune a bironta, hannu bisa cinya. Sakatariya ce tun gashinta na baƙi. Mijinta Yohanna, malamin asibiti, ya rasu ya bar mata yara, da albashin nan take riƙe da su. Ranar Lahadi ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, kuma ko allura ba a taɓa cewa ta ɗauka ba.

"Madam, yaushe kika gan shi na ƙarshe?"

"Jiya kafin azahar, Mushe Insifekta," in ji ta, Mushe wato yallaɓai a bakin 'yan biro.

"Kin fita?"

"Ko nan da ƙofa."

Ta amsa da sauri, idonta na kan farcenta. Fahad ya buɗe armuwar.

A ciki akwai maratayi na katako mai jerin ƙugiyoyi, kowace da hatiminta a rataye. Ƙugiyar farko ce kawai ba kowa. A ƙasan armuwar kuma ga ɗigo-ɗigon tawada, kamar kaji sun bi ta wurin.

"Nan na gwamna yake zama?" Ya nuna ƙugiyar farko.

Rahila ta ɗago kai, ta taso, ta ƙura wa maratayin ido.

"A'a. Ai ba haka nake jera su ba. Tashin hankali bai bar ni na lura ba."

"Yaya kike jerawa?"

"Na kwanan wata da na takardun shigowa su ne a farko, don su nake bugawa wuni. Na gwamna can ƙarshe nake sa shi, jikin bango, kar mai leƙe ya gan shi."

Fahad ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Bayan ƙugiyar da ba kowa sai na Es-Je, sai na mataimakinsa, sai na mai ba gwamna shawara, sannan ƙananan, na shigowa, na fita, na kwanan wata a can wutsiya.

"Ke nan sun zube, wani ya tsince ya mayar," in ji Ramlatu. "A ɗauki zanen yatsu?"

"Na wa? Tun safe duk mai hannu a gidan nan ya shafa armuwar ɗin nan yana salati."

Ya fito da maratayin, ya ajiye a gefen tebur. Can gefe sosai.

Aka kira Baba Illa, palanto, wato mai zaman ƙofa da kai takardu daga biro zuwa biro. Ya shigo a ɗan sunkuye, goro a kunci, warin man zafi na gaba yana biye.

"Baba, jiya kana ina?"

"Ranka ya daɗe, tun safe har tashi ban bar kujerata ba, in ba salla ba."

"Madam fa?"

"Tana ciki. Ina jin ƙarar injinta."

"Zama ne ya kama maka baya haka?"

"Tsufa ne, ɗana."

"Tsufan da ya zo jiya da rana? Wancan makon na gan ka kana tsallake kwata."

Baba Illa ya juya goron zuwa ɗaya kuncin.

"To, Allah ya gani, na ɗan tashi. Mota ce ta kawo kujerun taro, Malam Suma'ila na purotokol ya ce duk mai hannu biyu ya zo a sauke. Ni kuwa biyu gare ni."

"Ka daɗe?"

"Har la'asar ta kawo jiki."

Fahad ya juya zai ɗauki biro na rubutu, gwiwar hannunsa ta bugi maratayin. Hatimai suka watse a ƙasa.

"Subhanallahi! Baba, taimaka mini, ka fi kusa."

Tsoho ya durƙusa yana nishi, ya tsince su, ya rataye yadda hannu ya kai. Ya fara daga ƙugiyar farko, na kwanan wata kusa da na Es-Je, wani ma kai a ƙasa. Ya fita yana gunaguni, wai 'yan sandan yanzu ko cokali ba su iya riƙewa ba.

A ƙofar gidan, gindin darbejiya, Inna Zuliha ke sayar da shinkafa da wake. Gwamnoni nawa suka wuce ta gaban tukunyarta, ita tana nan. Fahad ya zauna a benci ya ce a zuba masa.

"Inna, jiya kin ga wani abu?"

"Ni? Ɗana, ni ba ruwana da harkar mutane. Tukunyata nake kallo."

Ta zuba mai, ta barbaɗa yaji, ta matso da kujerarta.

"Sai dai Rahila da na ga ta hau kabu-kabu bayan azahar, ta yi wajen Zango, ta dawo da ƙunshi a leda. Ban ce komai ba fa. Sai kuma Mai Nasara, direban gwamna, da ya ci kwano biyu a nan yana rantsuwa. Wai sabon gwamna da direbansa zai zo, shi za a mai da shi jan motar shara, amma wallahi sai sun gani. Me za su gani, oho. Ni dai tukunyata nake kallo."

"Allah ya bar mana tukunyar nan, Inna."

Ya koma biron Rahila, ya rufe ƙofa.

"Madam, me ke cikin ledar?"

Sai hawaye.

"Ɗinkin zumunta ne. Tela ya ce in ban zo jiya ba zai yi tafiya. Na ja ƙofa kawai, na bar mabuɗi jikin armuwar, na ce ai Baba Illa na nan. Da na dawo na murɗa mabuɗi ban duba ba, na tafi gida. Tsoro ya sa na yi maka ƙarya."

"Shi ya rufa miki, ke kin dogara da shi, ƙofa kuwa ta wuni ita kaɗai."

"Haka ne."

"Akwai abin da ke jiran hatimin?"

"Tari guda. Jiya da safe gwamna ya sa wa takardun canjin wurin aiki hannu. Na ce in na dawo in buga, na dawo a gajiye, na ce sai da safe."

"In ba a buga ba har gobe fa?"

"Sun mutu. Da zarar sabo ya zauna, ba a ɗora hatimi kan sa hannun tsoho. Sai a sake rubutawa, a kai wa sabo, in ya ga dama ya sa hannu, in bai gani ba shi ke nan."

Fahad ya gyara zama.

"Su wa ke ciki?"

"Ba zan faɗa ba, Mushe Insifekta."

"Madam, wuyanki ne a igiya."

"Na sani. Amma takarda ba ta fita daga bakin sakatariya kafin ta fita daga biro. Ka tambayi Es-Je."

Ya tambayi Es-Je. Es-Je ya ce sirrin gwamnati ne, sai da izinin gwamna, gwamna kuwa ya tafi zagayen ban kwana, wayarsa na hannun dogarinsa. Kun ji aikin gwamnati. Gida na cin wuta, ana neman izinin ɗibar ruwa.

Aka kira Mai Nasara. Ƙato ne, ya shigo yana kaɗa mabuɗin mota a yatsa, yatsun kuwa baƙi ƙirin.

"Mene ne wannan a hannunka?"

"Baƙin mai. Ko shi ma an hana?"

"An ce ka ce sai sun gani."

"Ban ce ba."

"A gindin darbejiya, bayan kwano na biyu."

"Kai, tsohuwar nan! To na ce. Nufina sai sun ga ko ɗan Yamai zai iya hanyar Hamdara da damina. Ni me zan yi da hatimi, in sa a taya?"

"Jiya da rana kana ina?"

"Ƙarƙashin mota, a garaji. Tambayi makanikai, da su muka wuni."

Fahad ya miƙe zai sallame shi, gefen rigarsa ya ja maratayin. Suka sake watsewa. Rahila ta dafe ƙirji.

"Haba, Mushe Insifekta!"

"Yi haƙuri, Madam. Mai Nasara, don Allah."

Direba ya kwashe su a tafi ɗaya, ya jera babba, mai bi masa, har zuwa ƙarami, yadda ake jera sifana a garaji. Shi ma daga ƙugiyar farko ya fara. Da ya fita, Ramlatu ta dubi Insifekta ta gefen ido. Ta fara gane cewa wannan sakacin da gangan ne.

Daga nan suka nufi zauren taro. Tun daga nesa ake jin murya.

"Ba nan ba! Ja baya da ita! Kai, wa ya ce ka haɗa prefe da dirakta a layi ɗaya, so kake a yi yaƙi?"

Malam Suma'ila ke nan, mai kula da purotokol, wato wanda ke faɗa wa manya inda za su zauna, da wanda zai riga wani magana. Siriri ne, rigarsa ta sha guga har tana iya tsayawa ita kaɗai. Duk wanda ya taɓa ganin gwamna a tele ya ga rabin fuskar Malam Suma'ila a bayan kafaɗarsa.

"Insifekta, sannu da zuwa. Abin kunya ne ya same mu. Baiwar Allah Rahila, ban taɓa zaton haka daga gare ta ba."

"Jiya da rana kana nan?"

"Ban ɗaga ba. Kujera ba ta jera kanta."

"Ni duk ɗaya nake ganinsu."

Malam Suma'ila ya dube shi kamar ya zagi mahaifinsa.

"Ɗaya? Zo ka gani. Wannan ta gwamna ce, shi ne idon shugaban ƙasa a jaha, Yamai ta naɗo shi. Ta kusa da ita ta shugaban majalisar jaha, shi ƙuri'a ta kawo shi, don haka kullum yana ganin ya fi, amma a bayan gwamna yake. Ga ta fada, ita ba a sa ta gaba ba a sa ta baya, gefe ake ba ta da ɗan tazara, kowa ya fassara yadda ya so. Sannan Es-Je. Sannan prefe-prefe, kowa da gundumarsa. Sannan magadan gari. Sannan diraktoci, na lafiya, na ilimi, na noma, kowanne ministansa na Yamai amma wuyansa na hannun gwamna. Ka kuskure kujera ɗaya, wata shida wani ba zai amsa takardar wani ba, rijiya ta tsaya, lakkol, makarantar yara, ta tsaya. Mutane na cewa da kuɗi ake mulki. Da kujera ake yi."

"In gwamna bai zo taro ba fa? Sai Es-Je ya hau tasa?"

"A'uzubillahi! Wurin gwamna ba a cike shi. Ko yana Makka, a bar masa wurinsa."

Ana cikin haka lebura biyu suka kama babbar kujerar mai jan yadi, za su kifa ta su kakkaɓe ƙura kamar sauran. Malam Suma'ila ya yi tsalle kamar an taka masa wuta.

"Ku sake ta! Wannan ni ke ɗaukarta."

Ya rungume ta shi kaɗai, a tsaye cak, ya kai ta tsakiya yana haki. Ba a kakkaɓe ta ba.

La'asar ta yi, Inna Zuliha na kankare ƙanzo. Fahad ya sake zama a benci.

"Inna, an ce akwai masu canjin wurin aiki, amma sirri ne."

"Sirri? Ungozomar da za a kai Hamdara ce sirri, ko malaman lakkol? Ko na cikin gida da za a tura Damagaram Takaya?"

"Wane na cikin gida?"

"Ni ban sani ba. Abin da na sani, Ummul Khairi matar Suma'ila maƙwabciyar ƙanwata ce. Wancan makon ta ɗaure tukwanenta, ta sayar da kajinta, tana kuka wai za a kai ta inda ba ta san kowa ba. Jiya da yamma kuwa sai ga ta gida-gida tana biɗar a mayar mata da kajin, har da ƙari a kan kuɗin. Ta kwance tukwane, ta dafa taliya da nama. To ni dai na ce, mai tashi ba ta sayen kaza. Amma ba ruwana."

Abin da gwamnati ta kulle da mabuɗi biyu, ga shi a bakin tukunya ana ba da shi gyara.

Fahad ya aika Ramlatu ta kira Malam Suma'ila da Es-Je zuwa biron Rahila. Da suka hallara ya ce, "Tambaya ɗaya ta rage, sannan in tafi da Madam."

Rahila ta runtse ido, leɓenta na motsi.

Ya miƙa hannu zai ja kujera, sai ga maratayi a ƙasa, karo na uku. Baba Illa daga ƙofa ya ce, "Kai, wannan yaro!"

"Malam Suma'ila, ka fi kusa."

Malam Suma'ila ya tattare hannun riga, ya tsince su, bakinsa na ci gaba da zuba.

"Ni dai roƙona, Insifekta, a sassauta mata. Mace ce mai marayu. Wataƙila ta jefar ne a shara ba ta sani ba, in an kwana biyu sai a tsince shi."

Yana magana yatsunsa na aikinsu, ko kallonsu ba ya yi. Suka tsallake ƙugiyar farko. Na Es-Je a ta biyu, na mataimaki, na mai ba da shawara, na shigowa, na fita, na kwanan wata a wutsiya. Har ya ɗan gyara ɗaya da ya karkace.

Rahila ta buɗe ido, ta ga maratayin, ta sa hannu a baki.

"Wa ka bar wa ta farko, Malam?" in ji Fahad.

"Ta gwamna ce ma..."

Ya tsaya.

"Baba Illa ya jera yadda hannu ya kai. Mai Nasara ya jera kamar sifana. Madam tana jerawa yadda aiki ke zuwa. Da safe kuwa haka na tarar da su, yadda ka jera yanzu, har da wurin da ba a cikewa."

"Wannan ba hujja ba ce! Duk mai ladabi haka zai jera."

"Gaskiyarka. Mu je zaure, ƙafata ta gaji, ina son in zauna."

Suka ɗunguma. Fahad ya wuce layin diraktoci, ya wuce na magadan gari, ya wuce na prefe, ya tsaya gaban jar kujera, ya juya mata baya, ya fara lanƙwasa gwiwa.

"Kar ka zauna!"

"To ba zan zauna ba. Birgadiye, kifa ta. Ita kaɗai ba a kakkaɓe ba."

Ramlatu ta kifa kujerar. A ƙasanta yadin ya ɗan yage, an cusa wani abu a ciki. Ta zaro farin hankici, sabo fil, an naɗe shi da kyau har da turare. Ta warware. Ga hatimin gwamna.

Da ba a gano ba, da sabon gwamna ya wuni zaune a kan ikonsa, ana nemansa a kwandon shara.

Malam Suma'ila ya nemi wuri ya zauna. Ko a wannan halin, sai da ya ja baya zuwa layin ƙarshe.

"Ni ne," ya ce. "Na tura Illa sauke kujeru, na ga Madam ta fita. Hannun rigata ya kamo maratayin suka zube. Wallahi ban san na jera su ba. Ban yi niyyar sayarwa ba, ban buga wa kowa komai ba. Jibi da safe da an tsince shi a bayan armuwar."

"Bayan takardarka ta mutu," in ji Fahad.

"Es-Je ya gaya mini za a kai ni Takaya, biron prefe. Insifekta, ka san Takaya? Prefe ɗaya, magajin gari ɗaya, benci biyu. Wa zan zaunar? Tun ina saurayi nake tsaye bayan gwamnoni. Na ce in sabo ya zo ya ga yadda na shirya masa taro, ba zai bari in tafi ba."

"Ungozomar Hamdara fa? Matan can su jira har ka gama jera kujeru?"

Malam Suma'ila ya kawar da kai.

Rahila ta matso. Muryarta ba ta tashi ba.

"Malam Suma'ila, ni na buga takardarka da hannuna. Ɗazu aka tambaye ni sunaye, na ƙi faɗa. Ko a raina ban kawo ka ba. Kai ka jera kujeru ranar jana'izar Yohanna, ka hana a biya ka ko ruwa. Yau kana tsaye ana cewa za a tafi da ni."

"Na ce kwana biyu ne kawai, Madam. Na ce za a wanke ki."

"Kwana biyu a kwamisariya? Da wane sabulu za ka wanke ni a unguwa?"

Ya sunkuyar da kai. Es-Je ya karɓi hatimin da hannu biyu kamar jariri, ya yi gyaran murya, ya miƙa wa Rahila ba tare da ya haɗa ido da ita ba.

"Madam, a buga su yau. Maganar fita Zango kuma, za mu yi ta wani lokaci."

"To, ranka ya daɗe."

Ramlatu ta taɓa kafaɗar Malam Suma'ila. Ba a sa masa ankwa ba, ina zai gudu da wannan guga? Har sun kai ƙofar zaure ya waiwaya, fuskarsa ta yamutse.

"Insifekta, alfarma ɗaya. Illa ya sa ta daraktan noma gaban ta prefen Takaya."

"Je ka gyara."

Ya je ya ja ɗaya baya, ya turo ɗaya gaba, ya tsaya ya duba layin da ido ɗaya, sannan ya dawo. Hali zanen dutse.

Hanyar fita ta bi ta gaban tagar Rahila. Tana zaune, tarin takardu a gabanta, tana bugawa a hankali, tim, tim, tim. Da ta iso kan takardar Takaya, ta ɗago ta ga masu wucewa. Ta dangwala tawada, ta hura wa hatimin iska, ta ɗaga shi sama sosai. Ƙarar da ya yi, Inna Zuliha ta rantse sai da murfin tukunyarta ya motsa.

A bakin mota Ramlatu ta buɗe masa ƙofar baya ta hannun dama. Malam Suma'ila ya ja ya tsaya.

"A'a, 'yata. Nan wurin babba ne. Insifekta zai zauna nan."

Ya zagaya da ƙafarsa, ya shiga ta hagu, ya gyara rigarsa kar ta yamutse.

Washegari aka yi taro lafiya, kowa ya zauna inda ya dace, ba wanda ya yi fushi da kowa. Sabon gwamna ma har ya tambaya wa ya shirya zauren nan, a kira shi ya gaishe shi. Es-Je ya yi kamar tari ya sarƙe shi.

Kafin azahar kuwa an ga Ummul Khairi ta bi gida-gida da kajinta a kwando. Wannan karon ta rage kuɗi.